Kwallin Inna Rekiya

Duk wanda ya yi sakandare a hannun Malam Jalaluddeen a Ƙauran Namoda, ko ya manta da komai ba zai manta da allon nan nasa ba. Katako ne mai faɗin tabarma, kafinta ya yayyanka masa ƙananan gurabu jeri jeri, kowane gurbi da sunan sinadarinsa. Malamin kimiyyar sinadarai ne, kuma tun farkon kama aikinsa ya lura yara suna haddace sunayen Turanci irin karatun aku, baki na faɗa zuciya ba ta san ana yi ba. Abin ya ba shi haushi, shi kuwa mutum ne da in abu ya ba shi haushi sai ya ga bayansa. Sai ya shiga bin gari yana tsince tsince. Ya sa ƙusa a gurbin baƙin ƙarfe, ya sa wayar lantarki a gurbin tagulla. Ya samo farar wuta wurin mai magani, ya ɓanɓaro dalma daga mataccen batirin mota, ya roƙi matarsa Lauratu wani ɗan kunnen azurfa da ɗan'uwansa ya ɓata. Gurbin zinariya kuwa takardar alawa mai ƙyalli ya liƙa, ya ce wanda ya ga ta gaske a gidan malamin makaranta ya kira 'yan sanda.

"Kowane ƙarhe da gidansu," haka yake gaya wa yara kowace shekara. "In kun san gidan mutum kun san rabin halinai. Ku duba nan, gawayi da kuza da dalma gida guda sunka hito, ko da ba su kama da juna."

Amma duk cikin gurabun akwai wanda ya fi so, kuma ba ya ɓoyewa. In darasi ya kawo kan antimoni sai ya tsaya ya gyara hula, ya ciro wani ɗan dutse mai nauyi yana walƙiya, ya ɗaga shi sama.

"Wanga kun san shi. Kwalli na, wanda uwayenku ka sawa ga ido. Turawa ka ce mai antimoni. Ba a ce mai ƙarhe sosai, ba a kuma hidda shi cikin ƙarahwa, awa jemage. Wanga kau daga ɗakin Innata na ɗauko shi."

Haka malaminsa ya koya masa, shi ma malamin a wani tsohon ƙamus ya gani. Jalaluddeen bai taɓa gwada dutsen ba. Wa zai tsaya gwada abin da ya buɗe ido ya tarar a ɗakin uwarsa? Daɗi kawai yake ji a ransa cewa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ita ma tana da gurbi a allon masana.

Inna Rekiya mutuniyar Gurbin Bore ce, aure ya kawo ta Ƙaura, ta zauna da marigayi Malam Haladu limamin unguwa har rai ya yi halinsa. Kwalli shi ne abin da aka san ta da shi, kuma ba na sayarwa ba. Wani direba ne yake taho mata da dutsen daga kasuwar Shinkafi, ita kuma ta zauna ta zaɓe. Tana da nata rabon da babu shi a littafi: mai manyan ido mai tauri shi ne namiji, na manya ne, mai laushi da ke narkewa a ƙarƙashin dutse ita ce mace, ita ake sa wa jarirai. Ta wanke, ta shanya, ta niƙa a ɗan dutsenta a tsakar ɗaki, ta tankaɗe da ƙyalle har ya fi garin alkama laushi, sannan ta ɗura a tandu. Ba a haihuwa a unguwar a kai ranar suna ba a aiko mata ba. Takan zo ta karɓi jariri, ta yi bismilla, ta zizara masa a ido, ta ja masa gira, ta ce ido ya yi ƙarfi, bakin mutane ya bi iska. Rabin samarin unguwar nan da suke wuce ta a kan babur, ita ta fara yi musu kwalliya a duniya.

Da Allah ya ba Jalaluddeen 'ya mace bayan an daɗe ana jira, ba a yi shawara ba, sunan Inna aka sa. Tun da ba mai iya kiran sunan tsohuwa gatsal a gidan, sai ake ce wa yarinyar Amatullahi, a gajarce Amatu. Inna kuwa takwara take ce mata. Daga ranar da yarinyar ta fara rarrafe ta yi hijira ɗakin kakarta, nono kaɗai ke mayar da ita wurin uwarta. In Inna na niƙa tana gefe a zaune, ta tsoma yatsu cikin garin, ta shafa a kumatu da goshi, ta kai baki ta lashe. Sai gida ya ɗauki dariya. Lauratu ta ɗauki hoto da waya, Jalaluddeen ya ce wannan da ganinta ita za ta gaji sana'ar. Shi ma ya yi dariyar, har ya fi kowa.

Tana cikin shekara ta uku abin ya fara. Da fari ƙin cin abinci ne da rigima, aka ce haƙori. Sai amai da riƙe ciki, aka ce zazzaɓin sauro, aka yi allura. Yarinyar da bakinta ba ya rufuwa, mai kwaikwayon mai tallan awara har sai ya juyo, sai ga ta tana nuna kofi da hannu ta kasa cewa ruwa. Ran nan da hantsi tana zaune a cinyar Inna sai idanunta suka juye, jikinta ya sanƙare, ta shiga jijjiga. A Ƙaura aka tsayar da jijjigar, aka ce su wuce Shinkafi inda wasu likitocin yara suke da na'urar auna jini. Hanyar ba ta da daɗin bi a shekarun nan, kowa ya sani, amma ko tunanin haka ba su yi ba.

Likitar da ta kira shi ofis sunanta Dakta Saratu. Ba ta yi kwana kwana ba.

"Malam, dalma ce a jinin 'yarka, kuma mai yawa. Kuna haƙar zinariya? Ana daka dutsen ma'adini a gidanku?"

Ya ce a'a. Ta tambayi ko akwai mai gyaran batir kusa, ko tsohon fenti da ke ɓarewa, ko wani maganin gargajiya da ake ba ta. Duk ya ce a'a, har ransa ya soma sosuwa. Shi da yake tsayawa gaban aji yana ba da labarin ƙauyukan da gubar dalma ta cinye wa yara, yana gargaɗin ɗalibai su ja kunnen iyayensu, yau shi ake yi wa waɗannan tambayoyi?

"Ana sa mata kwalli?"

"Ana sa mata. Amma ai kwalli antimoni na, Dakta. Ni malamin abin na."

Ta dube shi ba tare da raini ba, sai dai da gajiyar wadda ta sha jin irin wannan amsa. "To ka je ka gwada naku. Wanda muke gani a nan yawancinsa dutsen dalma ne. Za mu ba ta magani ya janye abin da zai iya janyewa. Amma in ta koma inda ta samo shi, mun yi aikin banza. Kuma ba zan ɓoye maka ba, abin da ya riga ya taɓu a ƙwaƙwalwa ba kullum yake dawowa duka ba."

Ya bar Lauratu da yarinyar a asibiti, danginta na garin suna kai musu abinci, ya koma Ƙaura. Bai biya gida ba, makaranta ya zarce. Ranar ba karatu, sai awaki a filin ƙwallo. Gaskiyar magana ba neman gaskiya ya kai shi ba, so yake ya ƙaryata likitar. Ɗakin gwajin nasu ya shekara ba iskar gas, don haka ya yi irin na mutanen da. Ya samo gawayi mai kauri ya ƙwaƙule masa rami, ya farfasa dutsen nan na gurbin antimoni. Tun a nan gabansa ya faɗi, domin dutsen ya riƙa tsagewa murabba'i murabba'i, kusurwa a miƙe, ba tsinke tsinke ba yadda littafi ya ce na antimoni yake yi. Ya daure ya niƙa, ya gauraya da ɗan garin soda, ya zuba a ramin, ya kunna fitila ya riƙa hura harshen wutar da siririn bututu har kumatunsa suka yi tsami. Warin farar wuta ya tashi. Gefen ramin ya yi ruwan ɗorawa. Can sai ga wani ɗan dunƙule kamar ƙwayar dawa yana sheƙi a tsakiya.

Ya bari ya huce, ya ɗora a kan siminti, ya ɗauki guduma. In antimoni ne zai tarwatse ya zama gari. Ya yi addu'a ya tarwatse, addu'ar da bai taɓa yi wa wani abu a ɗakin gwaji ba. Ya buga. Abin ya baje kawai, ko tsagewa bai yi ba. Ya karce shi da farce, ya karcu. Ya goga a takarda, ya bar layi toka toka. Jalaluddeen ya zauna a ƙasa, a nan kan simintin, ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne mahaifinsa. Gurbin antimoni da na dalma a allonsa maƙwabta ne, kusurwa kawai ta raba su, tazarar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Shekara da shekaru yana ɗaga gubar nan sama yana alfahari da ita, yara suna rubutawa.

Saura kuma abu ɗaya, wanda ya fi gwajin wuya. Dole Inna ta daina, kuma ba za ta daina ba sai an gaya mata dalili. Yaya mutum zai dubi uwarsa ya ce hannunki ne ya yi wa takwararki haka? Tsohuwar da tun da aka tafi da yarinyar ba ta ci abin kirki ba, tana kan buzu da tasbaha, duk wanda ya shigo sai ta tambaye shi ko an bugo waya.

Sai ya shiga kewaye kewaye, shi da yake zagin ɗalibai in sun kewaye tambaya. Ya ce ɗakin Inna ya yi duhu, ya kawo masu shafe suka kankare bango suka shafa farar ƙasa. Ya sa aka wanke daɓen sau da yawa, ya ƙone tsohuwar tabarma ya shimfiɗa sabuwa. Inna ta sa masa albarka, ta ce ko ba komai takwara za ta dawo ta tarar da ɗaki fes. Ya ce likita ta hana sa komai a idon yarinyar. Inna ta ce ai likita magani take nufi, kwalli kuwa ba magani ba ne, ado ne da sunna. Ya ɗauke dutsen niƙan ya ɓoye bayan buhunan gero. Bai kwana biyu ba ya dawo daga makaranta ya ji ƙarar nan da ya sani tun yana goye, ƙurus ƙurus. Ta aro na maƙwabciyarta Balaraba, ta baje a sabuwar tabarma tana niƙa.

"Mace ta, Jalalu, irin wadda ban taɓa samu ba," ta ce tana nuna masa garin a tafin hannu. "Na takwara na. Ranar da ta dawo shi za ni hwara sa mata."

Ya buɗe baki, ya ga yadda fuskarta ta yi haske karo na farko tun tafiyar yarinyar, sai ya ce Allah ya kai mu. Ya fita yana jin ƙyamar kansa.

Kullum Lauratu ta bugo waya tambayarta ɗaya ce. "Malam, ka hwaɗa mata?"

"Ina neman lokacin da ya dace."

"Lokaci? Ɗiyata ba ta iya cewa Mama. Wallahi in ba ka hwaɗa ba, ba ni dawowa da ita gidan ga. Nan Shinkahi za mu zauna gidanmu, kowa ya ce abin da yaka so."

Bai ga laifinta ba. Ya ce mata ta dawo, zai faɗa kafin su iso. Da ranar ta zo kuma bai faɗa ba.

Bayan la'asar mota ta sauke su. Amatu ta rame, tana tafiya tana ɗan jan ƙafa ɗaya, tana riƙe da zanen uwarta. Mata sun cika tsakar gida ana barka da arziki. Da yarinyar ta hango kakarta a bakin ƙofa sai ta saki zanen ta nufe ta, ba ta ce komai ba, ta dai kifa kai a cinyarta. Inna ta rungume ta ta shige da ita ɗaki tana hawaye tana dariya. Jalaluddeen da Lauratu suka bi bayanta. Ta ɗago fuskar yarinyar ta duba.

"Kai, jama'a! Wa yab bar mani takwara da ido hwari tas awa marainiya? Zo nan in gyara ki."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro tandun, ta zare tsinken, bakinsa baƙi ƙirin. Amatu da kanta ta ɗaga kai ta buɗe ido, yadda aka saba mata. Lauratu ta kafa wa mijinta ido.

Jalaluddeen ya durƙusa ya riƙe wuyan hannun uwarsa. Tun da ya yi wayo bai taɓa riƙe ta haka ba. Hannun ba nauyi, sai ƙashi da fata, amma ji ya yi kamar ya ɗauki ɗakin gaba ɗaya. Balaraba da ta leƙo ta ga abin da ke faruwa ta saki labule, ta ja sauran matan suka yi waje.

"Jalalu, lahiya? Hannuna ka riƙe?"

"Inna, ki gahwarce ni. Kar ki sa mata."

"Don mi? Sunna ta hwa. Boko ya kai ka ga hana sunna?"

"Wanda malamai sunka hwaɗa daban, Inna, wanga dutsi daban. Ni ma na ɗauka guda na. Na koya ma yara hakanan shekara da shekaru."

Ya saki hannun, ya laluba aljihu ya ciro ɗan ƙarfen nan da ya baje da guduma, ya sa mata a tafi. Inna ba baƙuwar ƙarfe ba ce, ta sha kai kwano wurin mai liƙi. Ta jujjuya shi, ta danna da farcen babban yatsa, farcen ya shiga.

"Wagga ai dalma ta."

"Cikin kwallinki na hiddo ta, Inna. Da hannuna. Ita likita tag gani cikin jinin Amatu. Ba ta ido kaɗai ba, ƙurar niƙa da taka shaƙa, da wanda taka lasa." Ya dubi yarinyar. "Ina tsaye taka lasa, ina dariya."

Ya yi zaton za ta yi faɗa, ko ta ce ƙarya likita take yi, har ya shirya amsa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta mayar da tsinken cikin tandu a hankali, ta ajiye a ƙasa nesa da ita. Ta daɗe tana duban ɗan ƙarfen. Da ta yi magana kuma, ba da shi take yi ba.

"Abbati na gidan mai nama, da bai yi magana ba sai da yag girma. Ni nis sa mai. Ɗiyar Zainabu da anka ce kanta ba ya ɗaukar karatu. Ni ta."

"Inna, ba hakanan ba ne. Su sau nawa kika sa musu? Ni ma kin sa mani, ga ni lahiya lau. Ba wanda ya sani, Inna. Ni da niy yi karatun ma ban sani ba."

Kamar ba ta ji shi ba. Ta ɗago ido ta dube shi, kuma bai taɓa ganin tsufanta ba sai a wannan duban.

"Wan naka hwa?"

Jalaluddeen ya san an haifi wani kafin shi, namiji, ya rasu tun shi bai zo duniya ba. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari, ko yana raye ba za ta kama sunansa ba, balle ya mutu. Ba a taɓa zancensa a gidan ba.

"Hwarkon zuwana Ƙaura, ina yarinya, ba ni da mai riƙa mani shi. Gaban dutsi nika aje shi in yi niƙa. Shi ma hakanan yar riƙa sanƙarewa. Anka ce iska ta, anka yi ta turare." Ta dubi ƙasa. "Jibrilu. Jibrilu sunanai."

Lauratu ta rufe baki da gyale. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, domin yau ya fara jin sunan daga bakinta.

"Kai ka san sunan komi, Jalalu. Hwaɗa mani. Mi yak kashe Jibrilu?"

"Kwanansa ya ƙare, Inna. Allah yab ba ki, shi yak karɓa."

"Wanga na sani tun ba a haihe ka ba. Ba shi nit tambaye ka ba."

 Ba gwajin da zai yi a kan yaron da ƙasa ta rufe shekara arba'in da wani abu, kuma ya kasa yi mata ƙarya ya ce a'a. Ya kawar da ido, Inna ta gyaɗa kai kamar ya amsa.

Duk wannan Amatu na jingine a jikinta tana wasa da bakin mayafinta. Inna ta duba sabuwar tabarmar da ta yi niƙa a kai, ta duba tafin hannunta da baƙin ya riga ya zauna a cikin layukansa. Sai ta janye jikinta daga yarinyar, ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin mayafi.

"Lauratu, ɗauke ta ki kai ɗakinki. Ki wanke mata hannu da sabulu. Kar ta ƙara shigowa nan."

"Inna, ai sai a wanke ɗakin," in ji Lauratu tana kuka. "Ba sai an raba ku ba."

"Ɗauke ta, nic ce."

Lauratu ta sunkuya ta ɗauke ta. Yarinyar ta fara ƙara, tana miƙo hannu ta kan kafaɗar uwarta, bakinta na motsi tana neman kalmar da take kiran kakarta da ita, kalmar ta ƙi zuwa. Inna na zaune tana kallonta har labule ya rufe, ba ta fito da hannuwan ba.